Akwai Wuta a Gidanka, Alhaji?

A Makka kowa Alhaji ne, har wanda bai mallaki tabarmar kansa ba. Saboda haka in ka shiga lungunan da ke bayan unguwar Utaibiyya kana cigiyar Alhaji mai keke, sai mutum goma su amsa maka. In ka ce Tsoho Kabo kuwa, shi kaɗai ne, sai dai ba za ka sami mai nuna maka gidansa ba. Ba rowa ce ta hana su ba. Shi kansa Tsoho bai taɓa buɗe baki ya kwatanta wa baƙo inda yake kwana ba, kuma mutanen lungun sun san darajar wannan shirun, domin su ma da shi suke rayuwa.

Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa aka kira shi Tsoho tun yana cikin zanen goyo, amma a Makka sunan ya iske shi. Ya zo aikin Hajji da ƙuruciyarsa, shi da matarsa Ummulkhairi, da jirgin komawa ya tashi kuma sai suka ƙi zuwa filin jirgi. Shekara biyu suka ce za su yi, su ɗan tara abin sayen gona su koma. Shekara biyun nan ita ce ta haura talatin. Igama, wato takardar izinin zama, Tsoho bai taɓa riƙe ta ba sai dai ya gan ta a hannun wasu.

Ba aikin da bai taɓa ba. In lokacin Hajji ya zo yana Arfa, yana shara, yana wankin manyan tukwane, yana dakon ƙanƙara. Sauran watannin shekara kuwa keken guragu gare shi, yana tura tsofaffin alhazai daga masaukinsu zuwa kusa da Harami. Keken nan ya fi rigarsa samun gata. Ya ɗaura masa matashi, yana ɗiga masa mai a ƙafafu, in ya dawo gida ya goge shi kafin ya wanke nasa ƙafafun. Ummulkhairi takan ce da keken yana cin tuwo, da shi za a fara zuba wa.

Marar takarda yana da nasa karatun, kuma Tsoho ya haddace shi. Kada ka tsaya inda aka taru. Kada ka ja ciniki har a riƙe fuskarka. In an tambaye ka, ka ba da amsar da ta fi kowace gajarta, ka yi gaba. Sama da komai, kada ka faɗi gida. Wannan karatu ya tsare shi shekara da shekaru, amma bai tsare 'yarsu Jannatu ba. A Makka aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Tana sayar da gyale a bakin titi aka kama ta, aka sa ta a jirgi zuwa Kano, garin da ba ta taɓa gani ba sai a hira. Daga ranar bakin Tsoho ya ƙara rufewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ita kuwa Ummulkhairi, wadda a da take tuƙa tuwon sayarwa alhazan Najeriya na layi a ƙofarta, tafiyar 'yar ta karya ta. Hawan jini ya kama ta, wata rana da safe ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ɗakinsu a can saman wani tsohon bene yake, ɗaki ɗaya da aka ɗora a kan rufi da bulo da kwano, matakala doguwa ga ƙunci. Tun da ta kwanta ba ta sake saukowa ba. Da bakinta ya ɗan sake, magana ɗaya ta riƙe.

"Abu Jannatu," in ji ta, don haka take kiransa, wato baban Jannatu, "ni ban roƙe ka zinariya ba, ban roƙe ka gida ba. Abu ɗaya nake so. Kada ka bari a fitar da ni daga garin nan da raina. A nan nake so a sallace ni, a nan a rufe ni. In ba haka ba, me na zauna yi shekara talatin ina ɓuya?"

"Ki daina wannan magana, Hajiya."

"Ka yi min alkawari tukuna."

Ya yi mata. Abin da ya rage masa ke nan a duniya wanda zai iya cewa nasa ne ya bayar.

Ana nan sai wata safiya aka wayi gari an shafa jan fenti a bangon benen. Ginin ya tsufa, ya tsattsage, za a rushe shi. Mai gidan ya zo ya tsaya daga ƙasa ya sanar: nan ba da jimawa ba za a yanke wuta, rusau kuma sai bayan aikin Hajji. Masu takarda suka fara kwashe kaya. Tsoho fa? Ba a ba da haya sai an ga igama, wanda kuma zai bayar a ɓoye ya ninka kuɗin don ya san ba ka da bakin ƙorafi. Maƙwabcinsa Ɗanjuma, wani Bazamfare mai aikin fiɗa a mayanka, ya sami wurin raɓawa a unguwar Zahir, ya ce masa, "Yaya Tsoho, ka daure zuwa bayan Hajji. Wallahi da alhazai sun watse ɗakuna za su samu, zan nemo muku ko da ɗakin ajiya ne."

Daurewa ba wuya a baki. Amma wanda ya san zafin Makka ya san ɗakin kwano a kan rufi ba wurin zama ba ne in ba iska. Abin da ke riƙe da ran Ummulkhairi shi ne wani tsohon mukayyif mai ruwa, irin wanda ake cika wa ruwa yana huro sanyi. In ya tsaya da rana, ko mai lafiya sai ya ji numfashinsa na sarƙewa, balle wadda ba ta iya juya kanta.

Jannatu ce ta kawo dabarar ta waya, cikin Hausarta mai rabin Larabci. Ta ce a can gida ba wanda ke jiran wutar gwamnati, kowa sola yake sawa, a ɗauke wuta ko a kawo, fankarsa na juyawa. Tsoho ya ɗaga kai ya dubi ranar da ta shekara talatin tana gasa masa ƙeya, ya ce to, yau kam za ki biya. Ɗanjuma ya samo masa faranti biyu na sola a kasuwar tsofaffin kaya, suka hau da su da igiya. Saura inbata, abin da ke juya wutar faranti ta zama irin wadda mukayyif ke ci. Ita kuwa ba a samun ta a bola. Tsoho ya duba ɗakin, ba abin sayarwa sai abu ɗaya. Ya goge keken, ya cire matashinsa, ya tura shi kasuwa ba kowa a kai. Ya ce wa kansa ai bayan Hajji zai sayi wani.

Shagon da ya je a Zahir na wani saurayi ne Balarabe mai suna Turki, yaro mai fara'a, ba shi da wulaƙanci. Ya nuna wa Tsoho iri biyu. Ta farko babba ce, tana tafe da batir mai nauyin buhun shinkafa. Turki ya ce ita sai ma'aikacinsa ya je gida ya haɗa, don haka za a rubuta suna da lamba da kwatancen gida. Tsoho bai bari ya kai ƙarshe ba ya kawar da ido. Ta biyun ƙarama ce, ba ta wuce faɗin tire ba. A bayan faranti ake ɗaure ta, a ja waya ɗaya a soka a soket ɗin bango, shi ke nan. Ba mai zuwa gida, ba mai rubuta komai, in ta ɓaci kuma ka sa ta a jaka ka gudu da ita. Kai ka ce don Tsoho aka ƙera ta.

Kada wani ya ɗauka sayen makaho ya yi. Ya yi tambaya, har ya wuce ƙa'idarsa. Za ta jure zafin rufi da tsakar rana? Turki ya ce wannan ta fi irin masu arahar nan juriya, jikinta ƙarfe ne. Za ta ɗauki faranti biyu? Ga bakin kowanne. Ta dace da wutar ƙasar nan? Domin Tsoho ya taɓa ƙona injin aski da aka kawo masa daga wata ƙasa. Turki ya nuna masa rubutun jikinta ya ce ta dace. Ƙura fa, da ruwan sama in ya ga damar zuwa? A rufe take ruf.

Sai Turki ya yi tasa tambayar, yana naɗe waya, ko dubansa bai yi ba.

"Akwai wuta a gidanka, Alhaji?"

Daidai nan wani mutum ya shigo shagon da kaki a jikinsa. Ƙwan fitila ya zo saye, wataƙila ma mai gadin wani gini ne. Amma gaban Tsoho ya faɗi. In ya ce za a yanke, sai a ce don me. In ya ce rusau, sai a ce wane gida, wace unguwa, me kake yi har yanzu a ciki. Karatun shekara talatin ya faɗo masa a rai.

"Akwai," in ji shi. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ranar akwai.

"To madalla, domin ita wannan sai..."

"Halas, ya isa, sa min a leda."

Ya biya, ya fita da sauri yana jin daɗin yadda ya kuɓuta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ba su faɗi yadda za a yi da wanda tambaya ce abin tsoronsa ba.

Da kansa ya haɗa. Ya jingina farantan a jikin katanga suna kallon rana, ya ɗaure inbatar a inuwar bayansu, ya ja waya ya soka a bango. Wata 'yar fitila a jikinta ta yi ƙyaftawa, ta tsaya kore shar. Mukayyif na ta huri. Tsoho ya tsaya da hannu a ƙugu, ya ce, "Hajiya, kin ji wannan iskar? Ta rana ce. Su yanke tasu, mu mun yi tamu."

"Kai da ko ƙwan fitila sai ka kira Ɗanjuma," ta ce da rabin bakinta, tana dariya. Ya daɗe bai ji dariyarta ba.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi da ya gani tun tafiyar Jannatu, kuma abin takaici ke nan. Kullum da safe sai ya goge farantan da tsohon rawani, ya leƙa ya gaida koriyar fitilar. Bai taɓa tunanin ya kashe wutar gidan ya gwada ba. A ganinsa soket ƙofa ce kawai da wutar rana ke bi ta shiga ɗaki. Gidan ya yi ta raguwa, iyali bayan iyali, har ya zama in ya yi tari a matakala sai ya ji tarinsa ya dawo masa. Su biyu suka rage.

Ranar da aka yanke wutar, hantsi ya fara zafi. Mukayyif ya yi wani gurnani, ya lafa, ya tsaya. Tsoho ya ce mata kada ta damu, yanzu ta rana za ta karɓa. Ya jira. Ba ta karɓa ba. Ya fita ya leƙa, fitilar nan ba kore ba ja, ta mutu. Ga rana tsaye a kan farantan har ba a iya kallonsu. Ya goge su. Ya cire waya ya mayar. Ya canja soket. Ya hura bakin wayar, ya yi bismilla, ya sake sokawa. Daga ƙarshe ya ɗauko ledar shagon, ya kira lambar da ke jikinta.

"An yanke wutar gidan gaba ɗaya?" in ji Turki. "La ilaha illallah! Alhaji, ai na tambaye ka. Ita wannan ba ta aiki ita kaɗai. Sai ta ji wutar kamfani a cikin waya sannan ta ƙara tata a kai. Da zarar an yanke sai ta kashe kanta, don kada ta kama mai gyara a kan layi. Haka aka yi ta, ba lalacewa ta yi ba."

Turki ya ci gaba da magana.

"Me ya hana ka faɗa min? Ina da ɗan akwati mai batir a ciki, a hannu ake ɗaukarsa, ba sai kowa ya je gidanka ba. Da shi zan ba ka. Ka kawo ta in canja maka, ba matsala. Sai dai ina Jidda wajen mahaifiyata, shago a rufe yake sai jibi."

Jibi. Tsoho ya yi godiya, don ko a wannan hali bai manta da ladabi ba, ya kashe wayar. Ya ji ya tsani kansa tsana mai tsanani. Kalma ɗaya ce aka nema daga bakinsa, ya hana, yana ganin wayo ya yi.

Ranar farko ya yi ta da mafici da jiƙaƙƙen zane. Ruwan tankin rufi ya yi zafi kamar na shayi, sai ya zuba a roba ya sa a inuwa ya jira ya huce, kafin ya huce zanen jikinta ya bushe. Ya yi fifita har ya daina jin kafaɗarsa. Ita kuwa tana ta ba shi haƙuri, wai ya huta, ai ta saba. Washegari kwanon rufin ya fara ƙara tun da sassafe, bangon bai huce daga zafin jiya ba. Kafin azahar Ummulkhairi ta daina gumi. Fatarta ta bushe, ta yi zafi rau. Ta fara kiran Jannatu tana ce mata ta sauke tukunya kada tuwo ya kama.

Akwai masallaci mai sanyi a ƙasan layin. Da keke yana nan, da ko ta yaya ya sauko da ita hawa-hawa ya tura ta can. Ya gwada goya ta, ya kai bakin matakala, ya ga su biyun za su gangara, ya dawo da ita. Ya kira Ɗanjuma, wayar na ta ƙara ba a ɗauka, yana mayanka hannu cikin jini. Ya leƙa ƙasa ya ƙwala kira. Ba kowa a layin sai kyanwa a ƙarƙashin mota.

Ya zauna a gefen katifarta da waya a hannu. Ya san abin da ke gabansa sarai. In ya kira motar asibiti za su cece ta, bayan ceto kuma sai tambayar takarda, bayan tambaya sai jirgi. In ya ajiye wayar ya ci gaba da fifita, kafin la'asar ko bayanta kaɗan alkawarinsa ya cika. Za a sallace ta a inda ta roƙa, a rufe ta a inda ta roƙa, ba kuma wanda zai ce ya yi laifi. Ya dubi fuskar da ya ɗauko daga Kabo tana yarinya. Ya ajiye wayar, ya ɗauki maficin. Ya kaɗa sau biyu ko uku, sai ya ji numfashinta ya fara yankewa yana dawowa, ya fashe da kuka kamar yaro, ya jefar da maficin ya danna lambar motar asibiti.

Muryar da ta amsa ta ce, "Ina ne gidan?"

Tsoho ya faɗa. Ya faɗi unguwa, ya faɗi layi, ya faɗi masallacin da ke ƙasa da shagon mai burodi, da bene mai jan fenti, da ɗakin da ke kan rufi. Da aka nemi sunansa ya bayar, har da na ubansa. Harshensa bai ko sarƙe ba, shi ma abin ya ba shi mamaki.

Ma'aikatan asibiti suka zo da gadon ɗaukar marar lafiya mai ɗamara suka sauko da ita. A asibiti aka lulluɓe ta da ƙanƙara, aka sa mata ruwa, likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Ta rayu. Da ta sami sauƙi aka zo da tambayar da Tsoho ya shekara talatin yana kauce wa. Ba wanda ya daka musu tsawa, ba wanda ya zage su, aikinsu kawai suka yi. Ɗanjuma ya haɗa musu 'yan tufafinsu a jaka ya aiko. Inbatar da farantan suna can kan rufi, ba wanda ya koma ta kansu.

Duk kwanakin nan Ummulkhairi ba ta tayar da maganar ba. In ya ba ta ruwa ta sha, in ya gyara mata matashi ta ce sannu. Shirun ya fi faɗa ciwo, ya yi ta fatan ta zage shi.

Ranar da za a kai su filin jirgi aka ɗauke ta aka zaunar a bas kusa da taga, saboda lalurarta aka bar shi a gefenta. Wuyanta ba ya juyawa hagu, garin kuwa ta hagu ya koma. Ta ce ya juya mata kai. Ya sa tafin hannunsa a kumatunta ya juya a hankali, ta yi ta kallon duwatsu da dogayen gine-gine suna ja da baya, har wani tudu ya tare su.

"Mun fita?" ta ce.

"Mun fita, Hajiya. Ki yafe min."

Hannunta mai lafiya ya lalubo nasa ya riƙe, ba da fushi ba.

"Na yafe maka, Abu Jannatu," in ji ta. "Amma da ka ƙara haƙuri kaɗan, da yanzu ina kwance a ƙasar Makka."